Yajin Gida: Mu San Abin da Muke Barbaɗawa a Abinci

Wanda ya shiga kasuwar Tarauni a birnin Kano ta wajen masu kayan miya, atishawa ce za ta fara gaya masa ya iso. Ga barkono a buhuna, ga citta da kanumfari a kwanuka, ga kuma jan garin yaji da aka riga aka haɗa, an ƙulla a ƙananan ledoji. Da yamma kuwa, idan aka gangara unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da ke maƙwabtaka da ita, a bakin titin Zariya, da wuya a ga abincin da ake sayarwa ba yaji. Mai tsire yana da nasa, mai awara tana da nata, haka mai ɗanwake da mai gurasa. Waɗanda suka taɓa jinyar ɗan'uwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda yake nan kusa, sun san waɗannan ƙulle-ƙulle, gama da su ake gyara bakin majinyaci da na mai jinya.

A ƙauyukanmu ma yajin leda ya fara ture turmi. Ba mu ce laifi ne a saya ba, kuma da yawa daga cikin masu sayarwa mutane ne masu tsabta da gaskiya. Matsalar ita ce, in abu ya riga ya zama gari, ido ba ya iya rarrabe abin da ke cikinsa. Ba za ka san yawan gishirin ba, ba za ka san irin gyaɗar da aka yi ƙuli-ƙulin da ita ba, ba za ka san ko jan nan na barkono ne ko na rini ba. Saboda waɗannan abubuwa uku muke so mu sake duba yadda ake haɗa yaji a gida.

Ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Meziko akwai abincin da ake kira tako, wata 'yar faifan waina ce ta masara da ake naɗe nama a ciki, kusan yadda Kanawa suke yi da gurasa. A Amurka ana sayar da yajinsa a 'yan fakiti, kuma iyalai da yawa a can sukan haɗa nasu domin su rage gishiri. Barkonon da muke tinƙaho da shi ma asalinsa daga wannan yanki ne, gyaɗa kuma daga Kudancin Amurka. 'Yan kasuwar Turai ne suka tsallako da su Afirka bayan shekarar 1500.

Gishirin da ba a gani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini. Wannan bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma lissafin ya haɗa da na miya, da na yaji, da na burodi, da komai. A rahotonta na 2023, hukumar ta ce mutum ɗaya cikin manya uku a duniya yana da hawan jini, kusan rabinsu kuma ba su sani ba.

Yanzu sai mu duba abin da yakan faru a kwano ɗaya. An sa gishiri a miya. An sa dunƙulen magi, wanda kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Sa'an nan aka barbaɗa yajin da shi ma an daka shi da gishiri da dunƙule da farin magi. Mai sayarwa yana da dalilinsa, domin gishiri ya fi citta araha nesa ba kusa ba, yana ƙara nauyi, kuma bakin mai saye ya saba da shi. Amma jikinmu ne yake biyan kuɗin daga baya.

Ana faɗar maganganu da yawa a kan farin magi. Abin da muka tabbatar shi ne, yana ɗauke da sinadarin sodiyam, wato abin da ke cikin gishiri da ke tayar da jini, ko da yake nasa kamar kashi ɗaya cikin uku ne na gishiri. Kanwa ma haka take. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura cewa ciwon zuciya yana yawan kama mata bayan haihuwa a wannan yanki, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da zafin wankan jego. Don haka in ana daka wa mai jego yaji, a ba ta citta da masoro da daddawa yadda aka saba, amma a janye hannu daga gishiri da kanwa. In ƙafafunta sun kumbura ko numfashi yana yi mata wuya, asibiti za a kai ta, ba ƙarin yaji ba.

Ɗan gishirin da za a sa kuma ya zama mai sinadarin ayodin, wanda aka wajabta a Nijeriya tun 1993 domin maganin maƙoƙo.

Gyaɗa da funfuna

Nan ne muke so mu daɗe, gama wannan haɗarin ba shi da ɗanɗano balle a gane shi. Gyaɗa, masara da busasshen barkono, in sun sha laima a gona ko a rumbu, wata irin funfuna takan kama su ta bar guba mai suna afulatoksin. An gano wannan guba ne bayan 1960, sa'ad da talotalo wajen dubu 100 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. A 2004 mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya bayan cin masarar da ta kamu. Amma yawanci ba farat ɗaya take kisa ba. Kaɗan-kaɗan take lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma an danganta ta da tsumburewar yara.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, wuta ba ta kashe ta. Suya ba ta kawar da ita, tafasa ma haka. Ƙuli-ƙulin da aka yi da ruɓaɓɓiyar gyaɗa zai soyu ya yi ƙamshi, gubar tana nan. Mu manoma mun san inda gyaɗar da aka tsince takan tafi. Mai kyau a kai kasuwa, ƙwailar da mai baƙi-baƙi a ce ai ta isa ƙuli. To, wannan ƙulin shi ne yakan dawo mana a cikin yaji.

Maganin yana hannunmu. A baza gyaɗa a faifai a tsince duk wadda ta yamutse, ta fashe, ta canja launi, ko ƙwaro ya huda. Wadda aka tsince kada a ba yara, kada kuma a ba saniyar da ake tatsa, domin gubar takan bi ta cikin nono. In ba za a iya yin ƙulin a gida ba, a saya wurin matar da aka san yadda take aikinta. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gonar gyaɗa da masara makonni biyu zuwa uku kafin fure, kuma malamin gona zai iya ba da bayaninsa.

Barkono ma a saya ɗanyen busasshe, wato wanda ba a niƙa ba. A fasa 'yan kaɗan a duba ciki. In an ga fari-fari ko baƙi kamar toka, a bar shi. Game da rini kuwa, a 2005 an janye ɗaruruwan kayan abinci daga shaguna a Ingila domin an sami wani jan rini da aka haramta a cikin garin barkonon da aka yi su da shi. In hakan ta faru a ƙasar da take gwada kaya a ɗakin bincike, mu da ba mu da wannan hali gara mu ga barkononmu da ido kafin ya shiga turmi.

Yadda muke haɗawa

Ga awon da muke amfani da shi, da gwangwanin madara. Ba doka ba ce, kowane gida da bakinsa. Garin ƙuli-ƙuli gwangwani 4, barkono gwangwani 1, busasshiyar citta rabin gwangwani, busasshiyar tafarnuwa babban cokali 2, masoro babban cokali 1, kanumfari ƙaramin cokali 1, kimba ƙwaya 3 ko 4, gishiri ƙaramin cokali 3. Wannan zai ba da kusan babban cokali 60 na yaji. Ke nan sai an ci cokali 20 kafin a ci ƙaramin cokali ɗaya na gishiri.

A fara da wanki. Citta da kimba sukan zo da ƙasa, a wanke su da sassafe, a shanya a tire ko tabarma a bisa wani abu mai tudu, a rufe da yadi mara kauri. Shanya a gefen kwalta dai mu daina, ƙura da hayaƙin mota da kashin awaki duk a kai suke sauka. An san barkono ya bushe in ya karye ƙaras a hannu, ba ya lanƙwasa. Hunturu ne lokacin wannan aiki. Da damina a yi kaɗan-kaɗan.

Masoro, kanumfari da kimba a ɗan gasa su a busasshen kasko a kan wuta marar ƙarfi, minti biyu ko uku, sai ƙamshi ya tashi a sauke. In sun ƙone ɗaci za su yi. Kimba a cire 'ya'yan cikinta, ɓawon ake so. Kanumfari kuma shugaba ne mai son mulki, in ya yi yawa ba za a ji kowa ba sai shi.

Wajen daka, mai tauri ake fara sawa. Citta tukuna, sai su masoro, sai barkono da tafarnuwa. Ɗigo biyu ko uku na man gyaɗa a kan barkono yana rage tashin ƙurarsa, kuma a kori yara daga wurin. A tankaɗe da rariya, a mayar da tsakin cikin turmi. Ƙuli-ƙuli a daka shi dabam, a haɗa daga ƙarshe tare da gishiri. Mai kaiwa inji ta tabbata injin busasshen kaya ne, ba na markaɗe ba, kuma ɗan garin da ya fara fitowa a ware shi, gama ragowar niƙan wani ne.

To, in an rage dunƙule, me zai ba da daɗi? Daddawa. Kakanninmu da ita suka yi miya tun kafin a ƙera dunƙulen farko a ƙasar Suwizalan a 1908. Kalwar ɗorawa ce da aka dafa aka bari ta ruɓa kwana biyu zuwa uku, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nata abinci ne mai gina jiki. A shanya ta ta bushe sarai, a daka babban cokali 3 ko 4 a cikin awon da muka bayar. Wanda ya ba jikinsa makonni kaɗan da ƙarancin gishiri, harshensa zai saba, har ya riƙa jin abincin waje ya yi masa zartsi.

Citta ta yi tsada tun da cutar funfuna ta cinye gonakinta a Kudancin Kaduna a 2023, wajen Kaciya da Jaba da Kagarko, inda mafi yawan cittar ƙasar nan take fitowa. In ta gagara, a rage ta a ƙara masoro. Tafarnuwa kuwa ana iya shuka ta a lambu da rani, barkono ma ko a bayan ɗaki zai yi. Mata biyar ko shida za su iya haɗa kuɗi su sayi kanumfari da masoro da kwano su raba, ya fi sayen ƙulli-ƙulli sauƙi.

Ajiya

Kwalba mai murfi ta fi leda. A wanke ta, a kife a rana ta bushe, a ajiye nesa da murhu da hasken rana, kuma kada a sa jiƙaƙƙen cokali ko hannu a ciki. Yajin da ke da ƙuli yana da mai, saboda haka bayan wata ɗaya ko biyu yakan fara wari da maƙaƙi. Dabarar da ta fi ita ce a ajiye garin kayan ƙamshin dabam, wanda zai kai wata shida, a riƙa haɗa shi da sabon ƙuli na mako biyu-biyu. In yaji ya dunƙule ko ya yi warin laima, a zubar, kada a ce za a sake shanyawa.

Mutane sukan tambaye mu ko barkono ne yake kawo gyambon ciki. Yawanci wata ƙwayar cuta ce take kawo shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki ba bisa ƙa'ida ba. Amma barkono yakan tsananta wa mai shi zafi. In akwai irin wannan a gida, ko tsoho mai hawan jini, a ɗebi nasa kason a wata 'yar kwalba kafin a zuba barkono da gishiri. Yara 'yan ƙasa da shekara biyu kuma a ɗebar musu abincinsu tun kafin yaji ya shiga kwano.