Ido Ma Ƙofa Ce: Abin Da Annobar Korona Ta Koya Mana Game Da Jan Ido

 

Ina yaro a zauren mahaifina na fara jin wata mas'ala da ta daɗe tana ɗaure mini kai. Ana karatun babin azumi, sai aka zo inda malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka ce idan mai azumi ya sa kwalli da rana, kuma ɗanɗanonsa ya sauka masa a maƙogwaro, to azuminsa ya ɓaci, sai ya rama. Na ce a raina: ina ido, ina maƙogwaro? Sai da na shiga sakandare malamin kimiyya ya zana mana amsar a allo. A gefen kowane ido na wajen hanci akwai ƴan ƙofofi biyu kamar hudar allura, ɗaya a fatar sama ɗaya a ta ƙasa, waɗanda ke zuƙe hawaye su zuba shi cikin wani siririn bututu da ke gangarawa zuwa cikin hanci, daga nan kuma ya wuce maƙogwaro. Shi ya sa mai kuka yake jan majina, shi ya sa kuma wanda aka ɗiga wa maganin ido yake jin ɗaci a bakinsa. Wannan hanya da malaman fiƙihu suka lura da ita tun ƙarnoni da suka wuce, ita ce ta tayar wa likitocin duniya hankali a shekarar 2020.

Likitoci biyu

A ranar 30 ga Disamba 2019 wani likita a birnin Wuhan na ƙasar Sin, mai suna Li Wenliang, ya aika wa abokan aikinsa gargaɗi a kan wata baƙuwar cutar huhu da ta fara kwantar da mutane. Shi likitan ido ne. Bayan ƴan kwanaki ya duba wata mata mai fama da hawan jinin ido, wadda a lokacin alamar cutar ba ta bayyana gare ta ba, kuma daga gare ta ake jin ya ɗauka. Ya rasu ranar 7 ga Fabrairu 2020. Aikin likitan ido aiki ne na fuska da fuska, tsakaninsa da majiyyaci bai wuce taki ɗaya ba.

A cikin Janairu na wannan shekara kuma, wani babban likitan huhu daga birnin Beijin, Wang Guangfa, ya je Wuhan duba halin da ake ciki, ya koma gida da cutar. Da yake bayani daga baya, ya ce ya rufe hancinsa da bakinsa da takunkumi amma bai sa tabarau na kariya ba, kuma jan ido ne ya fara kama shi kafin zazzaɓi. Daga nan masana suka duƙufa neman sanin ko ido ma ƙofa ce da korona ke shiga.

Yadda Allah Ya tsare ido

Farin ido da cikin fatar ido lulluɓe suke da wani tantani siriri mai danshi, wanda jijiyoyin jini ƙanana suka ratsa. Idan ƙura ko ƙwayar cuta ta dame shi, jijiyoyin sai su kumbura, idon ya yi ja, ya riƙa ƙaiƙayi da zubar ruwa. Wannan shi ne jan ido da kowane gida ya sani.

Ƙwayar korona ba ta shiga jiki sai ta sami wani makami da ake kira ACE2 a jikin ƙwayoyin halittarmu, kamar yadda mabuɗi ke neman kwaɗonsa. Bincike ya nuna akwai shi a tantanin ido, sai dai bai kai yawan na cikin hanci ba. Ban da wannan, Mahalicci Ya ajiye wa ido masu gadi. Hawaye ba ruwan gishiri ba ne kawai, a cikinsa akwai sinadarai masu yaƙar ƙwayoyin cuta, kuma duk ƙiftawar da mutum ya yi shara ce da wanki. Amma ga inda gizo ke saƙar: ruwan wankin nan ba waje yake zuba ba, bututun hawaye yake bi ya sauka cikin hanci, inda ƙwayar ta fi samun wurin zama.

Abin da ƙididdiga ta nuna

A wani babban rahoto da likitocin Sin suka fitar a Fabrairu 2020 a kan majiyyata 1,099, mutum 9 kaɗai aka rubuta suna da jan ido. A wani ƙaramin bincike a lardin Hubei, inda aka duba idanun majiyyata 38 da kyau, 12 sun nuna alamu a ido, amma 2 ne kawai aka sami ƙwayar a tantanin idonsu. A Singafo an auna hawayen majiyyata 17 ba a same ta ko a ɗaya ba. A birnin Rum na Italiya kuwa, wata mata ƴar shekara 65 da ta zo daga Wuhan ta kwanta da jan ido, aka ci gaba da samun ƙwayar a idonta har kimanin mako uku.

Idan aka haɗa waɗannan, hukuncin a fili yake. Babbar hanyar korona ita ce numfashi, ta hanci da baki. Ido ƙaramar ƙofa ce, amma ba a rufe take ba: tsartuwar tari ko atishawa na iya faɗawa cikinsa, hannu mai datti na iya kai masa. Saboda haka aka umarci ma'aikatan asibiti su riƙa kare idanunsu lokacin jinyar masu cutar. Jan idon da korona ke kawowa kuwa yawanci mai sauƙi ne, yana warkewa da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu ba tare da ya taɓa gani ba.

Ba kowane jan ido ne korona ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris 2020, kuma ranar 19 ga watan aka sami mutum na farko a Nijar. Ba mu manta da rufe masallatai ba, da azumin da ya shigo muna cikin wannan hali, da Hajjin da maniyyatanmu ba su samu zuwa ba a shekarar. A ranar 5 ga Mayu 2023 hukumar ta ɗage dokar ta-ɓaci. Ƙwayar tana nan tana yawo, sai dai rigakafi da garkuwar da jikin mutane ya samu sun rage mata kaifi.

Amma ciwon ido ya riga korona zuwa gidajenmu, kuma bai tafi ba. Akwai Afolo, wanda ya ɓulla a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a kan wata, aka laƙaba masa sunan. Shi ne mai kama gida guda cikin kwana biyu. Akwai amodari, wanda ƙuda da hannu da tsumma ke ɗauka daga idon yaro zuwa na ɗan'uwansa, wanda in ya yi ta maimaituwa yakan juya gashin ido ciki ya riƙa kartar baƙin ido har gani ya tafi. Akwai kuma ƙaiƙayin da ƙurar hunturu ke kawowa. Asalinsu daban-daban ne, amma masu yaɗuwa a cikinsu hanya ɗaya suke bi: daga ido zuwa hannu, daga hannu zuwa wani idon.

Nasiha ga iyalai

Shari'a ta sa wanke hannu a farkon alwala, kafin a kai shi baki da hanci da fuska. Mu riƙe wannan jeri a wajen alwala ma, mu haɗa da sabulu: kada hannu ya taɓa ido sai an wanke shi. Wanda idonsa ya yi ja a ware masa tawul da matashinsa, kada ya share kwantsa da bakin zane ko rawani sannan ya goge wa yaro fuska da shi. Iyaye mata su kula da tandun kwalli, domin tsinke ɗaya da ya zagaya idanun gida ko na taron biki yana iya raba ciwo ga kowa. Idan jan idon ya zo da zazzaɓi ko tari ko ɗaukewar jin ƙamshi, mutum ya yi sallarsa a gida har ya ga likita. Wannan ba raunin tawakkali ba ne. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, kuma babu wanda zai ce ya fi shi dogara ga Allah.

Kada a ɗiga wa ido fitsari, ko ruwan sukari, ko lemun tsami, ko nonon uwa. Kada kuma a sayi maganin ɗigawa a hannun masu talla, domin akwai irin da ke kwantar da ja nan take amma ya ƙara zurfin gyambon baƙin ido, ko ya jawo hawan jinin ido in an daɗe ana sa shi. Ruwan goge hannu mai sinadarin barasa a nisanta shi daga yara. A 2020 an sami ƙaruwar yaran da ya fantsama musu a ido a Faransa. In hakan ta faru, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kimanin minti 15, sannan a tafi asibiti. Haka nan a garzaya ba tare da jinkiri ba idan akwai zafi mai tsanani, ko dishi-dishin gani, ko kasa kallon haske, ko farin tabo a baƙin ido, ko jaririn da idonsa ke zubar da mugunya a kwanakinsa na farko.

Gani amana ce da za a tambaye mu a kanta, namu da na ƴaƴan da aka damƙa mana. Allah Ya tsare mana jinmu da ganinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda annobar ta yi ajalinsu daga cikinmu. Allah Shi ne Mafi sani.