FASHIN BAƘI: Yadda 'yar na'ura kamar ɗan yatsa ke tsayar da gireda, da yadda ake gano laifinta

Duk mai bin manyan hanyoyin Arewa ya saba ganin gireda ko katafila a yashe a gefen titin da ake ginawa, ƙura ta lulluɓe ta, ciyawa ta fara tsirowa a ƙarƙashinta. In aka tambayi dalilin tsayawar aiki, sau da yawa sai a ce giya ce ta lalace, ana jiran kaya daga waje. Wani lokaci hakan gaskiya ne. Amma a injinan zamani akwai wata 'yar na'ura da makanikai ke kira sensar gudu, wadda in ta samu matsala sai injin ya nuna duk alamomin mutuwar giya alhali giyar lafiyarta ƙalau. Tazarar da ke tsakanin kuɗin sauya sensa da kuɗin sauke giya ba kaɗan ba ce, kuma a aikin gwamnati daga aljihun jama'a ake biya.

Mene ne aikin sensar?

Gireda, motar loda ƙasa da manyan tifofi na wannan zamani kwamfuta ce ke sauya musu giya. Kafin ta sauya, dole ta san saurin juyawar sandar da ke shigo da ƙarfi daga inji, da kuma na wadda ke fitar da shi zuwa tayoyi. Sensar gudu ce ke ba ta wannan labari. Ana ɗaura ta a jikin akwatin giya, bakinta na kallon wani ƙarfe mai haƙora. Duk haƙorin da ya gifta sai ta aika sigina ɗaya, kwamfuta kuma ta ƙidaya.

Sensar iri biyu ce. Ta farko mai waya biyu ce, a cikinta akwai maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya, ita ke samar da wutarta da kanta, kuma wutar na ƙaruwa gwargwadon saurin juyawa. Ta biyu yawanci waya uku gare ta: ta kawo wuta, ta mayar da ita, da ta sigina. Tana aiki ne da wata ƙa'idar kimiyya da Ba'amurke Edwin Hall ya gano a 1879. Sanin wacce ce a jikin injin shi ne matakin farko, domin gwajinsu ya bambanta.

Alamomin matsala

Idan siginar ta yanke ko ta rikice, kwamfuta kan kare giyar ta hanyar taƙaita aikinta. Direba zai ga injin ya maƙale a giya ɗaya, ko ya riƙa shiga giya da fizga, ko ya koma firi yana tsaka da tafiya. Allurar gudu na iya kwantawa a sifiri ko ta riƙa tsalle, fitilar gargaɗi kuma ta kama. Da yake lalacewar kuloci ma na kawo irin waɗannan alamomi, hukunci da ido ko da kunne kawai caca ce.

Matakan bincike

Kafin a taɓa komai, a ajiye injin a shimfiɗaɗɗen wuri, a sauke bokiti ko wuƙa ƙasa, a ja burkin ajiya, a sa waigi a tayoyi.

Na farko, a karanta lambar laifi a allon direba ko da kwamfutar bincike. Injina da yawa na bin tsarin J1939, inda lamba ta farko ke nuna wurin matsala, ta biyu kuma ta nuna irinta. SPN 161 na nufin gudun sandar shiga, SPN 191 na sandar fita. FMI 2 na nufin sigina mai yankewa ko marar daidaito, FMI 5 na nuna layin wuta ya katse, FMI 8 kuma bugun sigina ya saɓa ƙa'ida. Caterpillar na da nasa tsarin lambobin, da manhajarsa ta Cat ET. Abin lura a nan, lambar tana nuni ne ga layin gaba ɗaya, daga sensa zuwa waya zuwa kwamfuta. Ba ta yanke wa sensar hukunci ba tukuna. A rubuta lambobin kafin a goge su.

Na biyu, a duba batir da wayoyin da ke haɗe da jikin ƙarfen injin. Galibin manyan injina na aiki da bolt 24, kuma raunin batir ko tsatsa a mahaɗa kan haifar da lambobin ƙarya.

Na uku, a bi waya da soket taƙi bayan taƙi. Yanayinmu na da hannu sosai a nan: ƙurar hunturu na shiga soket, ruwan damina ya biyo baya ya kawo tsatsa, zafin bazara ya busar da robar waya, girgizar aiki kuma ta goga ta a jikin ƙarfe har ta tsage. Injin da ya daɗe a ajiye kuwa, ɓeraye kan ci wayoyinsa. A kunna injin, a riƙa motsa wayar a hankali ana kallon allo. In lambar gudu ta yi tsalle, an samu inda ɓarnar take.

Na huɗu, a auna da mita. Mai waya biyu ana cire soket ɗinta a auna juriyar wayar cikinta, a gwada da adadin da littafin kamfani ya bayar, sannan a duba ko tana ba da wuta idan sandar na juyawa. Mai waya uku ba a gane lafiyarta da auna juriya. Ana duba ko wuta na isa gare ta, da ko siginarta na hawa da sauka.

Na biyar, a kwance sensar a duba bakinta. Maganaɗisu na tara garin ƙarfe daga man giya, kuma in ya yi yawa yana dusashe sigina. Gari mai laushi gogewa kawai yake buƙata. Ɓarɓashi mai kauri kuwa gargaɗi ne cewa wani abu na cinyewa a ciki, sai a duba mai da matatarsa. A leƙa ramin a ga ko haƙori ya karye, a kuma tabbatar tazarar da ke tsakanin sensa da haƙora ta dace da littafi. Inda sensa biyu suke iri ɗaya, ana iya musanya musu wuri: in lambar laifi ta bi sensar, ita ce mai laifin.

Idan duk wannan ya fita lafiya, amma gudun shiga da na fita ba su dace da giyar da aka sa ba, to kuloci ne ke zamewa. A nan sensar gaskiya ta faɗa, kuma a nan ne maganar sauke giya ke da hujja. Wajen sayen sabuwa, ko daga dila kamar Mantrac, wakilin Caterpillar a Najeriya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, a dace da lambar kayan, domin kama da wane ba ta wane.

Inda abin ya shafi mai biyan haraji

Akwai batun wanda ke riƙe da kayan binciken. Cikakkun manhajoji galibi na hannun dilolin kamfani ne da masu biyan lasisi, don haka bakaniken da ke aiki a daji kan koma ga canki-canka. Wannan muhawara ta yi zafi a Amurka, inda a Janairun 2025 hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta maka kamfanin John Deere a kotu kan zargin hana manoma cikakkiyar damar gyara injinansu. Gwamnatocinmu da ke sayen injina da kuɗin jama'a na iya sa manhajar bincike da horar da ma'aikata cikin sharuɗɗan ciniki tun farko.

Sannan kowane irin wannan inji na ajiye tarihin lambobin laifinsa da sa'o'in da ya yi aiki. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardu daga hukumomi irin su FERMA, kuma ta ba su kwana bakwai su amsa. Idan hukuma ta ce ta kashe kuɗi wajen sabunta giyar injinanta, ana iya neman rahoton binciken da aka yi kafin gyara, lambobin laifin da aka gani, sunan wanda ya sa hannu, rasiɗin kayan da aka saya, da inda tsohuwar giyar da aka cire take.