Zazzaɓin aladu: Yadda ake zaɓen maganin feshi a gidan gona

A shekarar 2020, zazzaɓin aladu na Afirka ya afka wa matattarar masu kiwo ta Oke-Aro da ke kan iyakar jihohin Legas da Ogun, inda dubun dubatan aladu suka salwanta, jarin mutane da dama ya rushe. Cutar, wadda aka fara bayyana ta a Kenya a 1921, ta ɓarke a Nijeriya a 1997, kuma har yau tana yi wa makiyaya barazana a Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna, inda babbar kasuwar aladu ta Katsit take kusa da Kafanchan.

Cutar ba ta kama ɗan Adam, amma ba ta da magani. Ƙwayarta tana daɗewa a cikin jini da nama da kashi, tana kuma bin takalma da tayoyin mota daga wannan gona zuwa waccan. Saboda haka tsafta ce babbar garkuwar mai kiwo.

Sai dai ba kowane ruwa mai ƙamshin asibiti ne ke kashe ta ba. Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta lissafa sinadaran da ke yi mata illa, ciki har da kostik soda da bilic da fomalin da aidin.

Kostik soda, wadda masu haɗa sabulu suka sani, tana da araha. Giram 8 a lita ɗaya ta ruwa yana kashe ƙwayar cikin minti 30. Ta dace da daɓen siminti da magudanai, amma tana ƙona fata, tana cin alminiyam. Ita ake zubawa a cikin ruwa sannu a hankali, ba a zuba mata ruwa a kai.

Bilic yana da sauƙin samu, sai dai rana da zafi suna rage masa ƙarfi, ga shi yana sa ƙarfe tsatsa. Haɗa shi da wani sinadarin yana iya tayar da iska mai guba. Fomalin kuwa yana cutar da idanu da huhu, don haka aikin ƙwararru ne. Garin Virkon S, wanda aka saba damawa giram 10 a lita ɗaya, ya fi tsada, amma ya dace da takalma da motoci da kayan aiki.

Kowanne aka zaɓa, kashi da taɓo suna karya ƙarfinsa. Ka'ida ita ce a fitar da dabbobi, a kwashe ƙazanta, a wanke da sabulu, a bari wurin ya bushe, sannan a yi feshi, a bar maganin ya jiƙa wurin na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin mazubi. Ruwan tsoma ƙafa na bakin ƙofa kuma a sauya shi kullum, ko da zarar ya gurɓace.

Kafin a biya kuɗi, mai saye ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya kuma tabbatar an rubuta cewa maganin yana kashe ƙwayar bairos. Idan dabbobi suka fara mutuwa a jere, a dakatar da saye da sayarwa, a sanar da likitan dabbobi na gwamnati domin a aika samfuri zuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. Matakan tsaftar nan su ne kuma ake bi a gidajen kaji wajen kare su daga murar tsuntsaye.