Kusa da Kainji, nesa da wuta: Abin da ke hana malaman CRS a ƙasar Yauri koyarwa da fasaha

Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, an gina ta ne don samar da megawat 960 na lantarki. Amma a garuruwa da ƙauyukan bakin tafkin, daga Yelwa zuwa Wara ta Ngaski, malamin sakandare ba ya iya tsara darasi da tabbacin za a kawo wuta. Malaman Ilimin Addinin Kirista, wato CRS, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Darasin na buƙatar a gani da ido. Wanda zai koyar da tafiye-tafiyen Manzo Bulus a littafin Ayyukan Manzanni, daga Antakiya zuwa Afisa da Korinti, taswira a majigi za ta rage masa dogon bayani. Kayan kuma akwai su: manhajar YouVersion kyauta ce, tana da Littafi Mai Tsarki da Hausa da Turanci, kuma ana iya sauke shi a karanta ba tare da intanet ba.

Cikas na farko shi ne wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareto saboda darasin minti 40 ya fi ƙarfin makarantu da yawa. Na biyu shi ne data. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashi, kuma galibi malami daga aljihunsa yake saye. A ƙauyukan Shanga da tsibiran Gungawa kuwa, sabis ɗin ma sai an yi ta neman inda yake kamawa.

Na uku shi ne yadda ake kallon darasin. Inda aka yi sa'a akwai ɗakin kwamfuta, darussan kimiyya ake fara bai wa, malamin addini ya koma wa allo da alli. Ga kuma tsaro. Tun bayan harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a ranar 17 ga Yunin 2021, ba kowane uba ne zai yarda ɗansa ya tsaya ƙarin darasi da yamma ba.

Ɗalibi ne ke kwana a ciki. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara hakan a 2024 da masu rubutawa daga waje. Yaro zai iya sanin labarin Yusufu da 'yan'uwansa ciki da waje, amma ya ɓata lokacinsa wajen laluben maɓalli.

Mafita mafi kusa ita ce a daina jiran intanet a aji. Malami ya sauke taswirori da tsofaffin tambayoyin jarrabawa idan ya shigo Yelwa, ya adana a memori, ya tura wa abokan aiki ta Xender. Ƙaramin farantin sola da batir sun isa cajin laftof ɗaya. Shugaban makaranta kuma ya sanya CRS da Ilimin Addinin Musulunci a jadawalin ɗakin kwamfuta, ko da sau ɗaya ne a mako.