Sabon Ma'aikaci Tsakanin Abin Hawan Haya da Ƙofar Ofis

Abin hawa na haya yana cikin wuraren da mutanen birni suke cakuɗuwa ba tare da sun san juna ba, kuma a nan ladabi ya fi saurin kuɓucewa. Wanda yake russunawa ya gai da dattijon unguwarsu, shi ne zai ture wani dattijon a bakin titi don ya riga shi samun kujera, saboda ya san ba za su sake haɗuwa ba. Duk mai fita neman abinci yana shan wannan, amma abin ya fi yi wa wanda bai daɗe da samun aiki ba nauyi, domin bai san hanya ba, bai san farashi ba, kuma yana tsoron makara fiye da kowa.

A Kano, mafi yawan masu zuwa aiki a Bompai, Sharaɗa, Kantin Kwari ko Sakatariyar Audu Baƙo, babur mai ƙafa uku suke hawa. Ya samo sunansa na A Daidaita Sahu daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta kawo baburan domin mata su huta da hawa acaɓa. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, sai waɗannan babura suka mamaye titunan birnin, maza da mata kowa ya koma kansu.

Rashin kyautawar da ake kuka da shi ta ɓangaren direba sananne ne. Kujerar da aka yi don mutum uku a cusa mata na huɗu, a ɗora wani a gefen direba, a ƙure sauti har fasinja ya yi ta cewa akwai sauka ba a ji shi ba. Wani direban kan sauke mutane kafin inda aka yi da su don ya samu mai ɗaukar shata. Rigimar canji kuwa kusan kullum ce, kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 aka samu sabuwar rigima, ta kuɗin da aka ce an tura ta waya amma ba su shiga ba. Fasinjoji ma ba su fita ba. Akwai mai baje ƙafa ya ƙi matsawa, da mai kunna bidiyo a waya da ƙarfi, da wanda ya san dubu ɗaya ce a hannunsa amma ya yi shiru sai an kai shi. Mata sun fi kowa cutuwa, domin matsin da wasu ke fakewa da cunkoso suna yi musu cin zarafi ne, kuma shirun sauran fasinjoji yana ƙara wa mai yi ƙarfin guiwa.

Yawancin fushin direba yana da tushe a aljihunsa. Da dama daga cikinsu ba su ne masu baburan ba, balas suke kai wa mai shi kullum, ko da ranar ba ta yi kyau ba. Ga kuɗin mai, wanda ya ninka bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ga haraji, ga tarar jami'an KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa. Saɓani a kan kuɗaɗen da hukuma ke karɓa ya kai 'yan A Daidaita Sahu ga yajin aiki a 2021 da kuma 2022, lokacin da ma'aikata da ɗalibai suka yi ta takawa a ƙasa. Mutumin da yake lissafin balas tun asuba, naira hamsin ɗin da fasinja ya rage masa ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa. Wannan bai halatta zagi ba, sai dai saninsa yana taimaka wa fasinja ya gane cewa ba shi ne ainihin abin da ya ɓata wa direban rai ba.

A Abuja matsalar nisa ce. Ƙananan ma'aikata da yawa ba sa iya biyan haya a cikin birnin, sai su zauna a Nyanya, Mararraba, Masaka, Kubwa ko Suleja, su fito da duhun asuba su yi kokawar shiga mota. Can kuma ana fama da 'yan fashin da ke shigar direbobin haya, abin da ya sa ya fi aminci mutum ya hau mota a tasha, ko da zai jira lodi.

Abin da ke haɗa wannan duka da sabon aiki shi ne yanayin da mutum yake isa ofis. Makonnin farko su ne lokacin da ake auna sabon zuwa, kuma da ƙananan abubuwa ake auna shi: ƙarfe nawa ya sa hannu a rajista, yaya ya gai da mutane, wace fuska ya shigo da ita. A aikin gwamnatin tarayya sabon ma'aikaci yana shafe shekara 2 a matsayin gwaji kafin a tabbatar da shi, kamfanoni kuma sukan ba da 'yan watanni. Wanda ya shigo yana huci saboda cacar bakin da ya yi da kwandasta, ya wuce maigadi ba sallama, ya amsa wa oga a daƙile, ba wanda zai tambaye shi abin da ya faru a hanya. Abin da za a riƙe kawai shi ne yaron nan ba shi da gaisuwa, kuma irin wannan shaida tana da wuyar gogewa.

Shi ya sa gogaggun ma'aikata ke ba sababbi shawarar su koyi hanya kamar yadda suke koyon aikin. Kafin ranar farko, yana da kyau mutum ya bi hanyar a daidai lokacin da zai riƙa fita, ya ga inda ake cunkoso, ya san kuɗin kowane zango, ya tanadi canji tun dare. A yi ciniki kafin a hau. Idan aka gamu da mai neman rigima, sauka a canja abin hawa ya fi arha a kan tsayawa ramuwa. Haƙurin nan bai shafi cin zarafi ba: idan ana matsa wa mace ko ana zagin tsoho, magana ɗaya daga fasinja ɗaya takan isa ta sa sauran su buɗe baki.

A cikin ofis kuwa, waɗanda suka fi sanin sirrin zirga-zirga su ne masinja, direba da maigadi. Su suka san wace hanya ce ke toshewa ranar Juma'a, wane abokin aiki ne mai mota da ke zaune a unguwa ɗaya da sabon zuwa, da kuma yadda ake haɗa kuɗin mai a tafi tare. Sabon ma'aikacin da ya raina su don yana da digiri ya rufe wa kansa ƙofa.

Akwai kuma nauyin da ke kan masu ɗaukar aiki. Albashin farko sai ƙarshen wata, wani lokaci ma yakan makara har sai an kammala shigar da suna, alhali kuɗin mota kullum ne. Ko da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, mai hawa abin hawa biyu zuwa, biyu dawowa, yana ƙarar da kaso mai tsoka a titi. Ma'aikatun da ke ba sabon ma'aikaci ɗan kuɗin sufuri tun makon farko, ko su tanadi motar ma'aikata, ko su haɗa shi da tsohon hannu da zai nuna masa hanya da mutane, suna rage makara da ɓacin ran safiya. Inda ba a yin haka, sabon ma'aikaci yakan fara aikinsa da bashin kuɗin mota tun kafin ya karɓi sisi.