Mai son ganin beyar ya fara duba kalanda

Ma'aikacin da ya ajiye hutunsa na shekara sai Disamba, da burin ganin beyar a jihar Alaska ta Amurka, zai yi asarar kuɗin jirgi, domin a lokacin dabbar tana cikin rami tana dogon barcin hunturu. A gandun dajin Katmai da ke jihar, Yuli ne watan kallo, sa'ad da dabbobin ke taruwa a magangarar ruwa ta Brooks suna cafke kifin salmon. Farin beyar kuwa, sai garin Churchill na Kanada, tsakanin Oktoba da Nuwamba.

Wanda Disamba kaɗai ya samu, Yankari ta Bauchi ta fi masa. Babu beyar a dazukan Afirka, amma da rani giwaye kan gangaro kogin Gaji shan ruwa.