Hukuncin Sake Ɗora Windows Bayan An Canja Kayan Kwamfuta

Akwai wata fatawa da ta yaɗu a tsakanin masu gyaran kwamfuta, tun daga Computer Village ta Ikeja har zuwa shagunan titin Beirut a Kano, wadda kusan duk wanda ya taɓa kai na'urarsa a ƙara mata wani abu ya ji ta, watau cewa da zarar an buɗe cikin kwamfuta an canja mata kaya, to babu makawa sai an yi fomat, a shafe abin da ke ciki duka, a sake ɗora Windows daga farko. Masu faɗar haka ba yaudara suke nufi ba, domin an yi zamanin da maganar ta kasance gaskiya tsantsa. Sai dai malamai sun ce hukunci yana tafiya ne tare da dalilinsa, kuma mafi yawan dalilan da suka wajabta fomat shekaru ashirin da suka wuce yau sun gushe, saura 'yan kaɗan waɗanda ya kamata mai kwamfuta ya san su da kansa, don kada a shafe masa aikin shekaru a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Asalin mas'alar shi ne, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ko Windows ce ko Linux, ba ta magana da ƙarfe kai tsaye. Misalinta kamar sarkin da baƙi suka cika fadarsa, kowa da harshensa, ba ya jin maganar kowa sai ta bakin tafinta. Tafintocin nan kuwa su ne ƙananan manhajojin da masu gyara ke kira direbobi, katin hoto da nasa, katin sauti da nasa, haka ma sashen da ke kula da faifan ajiya. A zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, manhajar takan zaɓi direbobinta ne ranar da aka ɗora ta, ta riƙe su ƙam, har idan aka ɗauki faifan aka kai shi kan wani babban allo dabam, wanda 'yan kasuwa ke kira madabod, sai ta farka ta tarar ba ta da hanyar karanta faifan da ita kanta take zaune a kansa, nan take fuskar kwamfuta ta rikiɗe shuɗiya da lambar nan 0x0000007B wadda tsofaffin masu gyara ba za su taɓa mantawa da ita ba. Daga nan fatawar ta samo asali. Amma tun daga Windows 8 a 2012, balle Windows 10 da ta zo a 2015, manhajar ta koyi bincikar kayan da ke ƙarƙashinta idan ta ga sun sake, ta ɗan jima tana shiri, ta sake kunna kanta sau ɗaya ko biyu, sa'an nan ta buɗe kamar ba a yi kome ba. Ita kuwa Linux da ma can mafi yawan direbobinta a jikinta suke, shi ya sa sau da yawa akan zare faifan Ubuntu, wadda nau'in Linux ce, daga wannan kwamfuta a sa a waccan ya tashi lafiya lau.

Ƙarin ram, wanda shi ne abin da mutane suka fi yi, ba ya bukatar kome face a kashe na'ura, a raba ta da wuta, a sa, a kunna. Togaciya ɗaya ce a nan, ita ce Windows mai bit 32, wadda ba ta iya amfani da abin da ya wuce gigabait 4, a aikace ma abin da take gani bai cika kai wannan ba, saboda haka wanda ya sayi gigabait 8 ya sa mata, fiye da rabin kuɗinsa na kwance ba ya aiki. Kuma da yake babu wata hanyar ƙaura daga bit 32 zuwa bit 64 sai ta sabon ɗori, a wannan hali fomat ya zama wajibi ba tare da saɓani ba. Katin hoto kuwa, ko da daga Nvidia aka koma AMD, cire tsohon direba da sa sabo ya wadatar.

Inda magana ke da tsawo shi ne canjin faifan ajiya, domin babu wani gyara da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamar a cire mata faifai mai juyawa, wanda a laftof galibi sau 5,400 yake zagayawa a minti, ba ya karanta abin da ya wuce megabait ɗari da 'yan kai a daƙiƙa, a sa mata SSD wanda ko mafi sauƙinsa yakan kai wajen megabait 500, na NVMe kuwa dubbai. Sabon faifai fanko yake zuwa, don haka dole a zaɓi ɗayan biyu: ko a kwafe tsohon faifan sukutum da guda zuwa sabon, da Windows ɗin da manhajoji da takardu, ta amfani da irin su Clonezilla wadda kyauta ce, ko kuwa a ɗora sabuwar Windows a dawo da takardu daga baya. Kwafewa halal ce, tana da sauri, sharaɗinta kawai abin da ke cikin tsohon ya kasance zai shiga sabon. Amma ni a ganina, wanda kwamfutarsa tokumbo ce, ya saye ta da Windows ɗinta a kai, bai san wanda ya ɗora ba, bai san irin 'yan manhajojin fasa lasisi da aka cusa mata ba, waɗanda sau da yawa ta cikinsu ɓarayin bayanai ke shigowa, to wannan ita ce damarsa ta tsarkake na'urar gaba ɗaya, tun da kwafewa ba ta bambanta lafiya da cuta, duka take kwashewa.

A ƙarƙashin wannan akwai wata mas'ala mai ɗan zurfi da ke rikita ko da masu gyara, watau yadda aka tsara rabon faifan. Tsohon tsari, MBR, ya samo asali tun 1983, ba ya iya sarrafa faifan da ya wuce terabait 2, kuma da tsohon BIOS, watau 'yar manhajar da ke cikin allo mai tada kwamfuta, yake tafiya. Sabon tsari, GPT, shi ne abokin UEFI, magajin BIOS da ke kan allunan zamani. Wanda ya kwafe faifai mai MBR ya kai shi kan allon da ba ya tashi sai ta UEFI, zai ga kamar faifan ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. Ko a nan ma ba lalle sai an shafe ba, domin tun 2017 Microsoft ta sa wata 'yar manhaja mai suna MBR2GPT a cikin Windows 10 wadda ke juya tsarin ba tare da taɓa takardu ba. Mas'alar ta ƙara muhimmanci yanzu da Microsoft ta rufe kulawar yau da kullum da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali magajiyarta, Windows 11, ba ta yarda da bit 32 sam, kuma ta shardanta UEFI da guntun tsaro na TPM 2.0 da ram gigabait 4 da ajiya gigabait 64.

Canjin babban allo shi ne ya fi kusa da tsohuwar fatawa, kuma idan daga Intel aka koma AMD, ko akasin haka, sabon ɗori mustahabbi ne mai ƙarfi, don ragowar tsofaffin direbobi kan jawo tsaiko da kashewar ba zato wadda gano sababinta ya fi fomat wahala. Sai dai a nan akwai abubuwa biyu da fomat ba ya maganinsu. Na farko lasisi: a wurin Microsoft babban allo shi ne kwamfutar, lasisin da ya zo tare da na'ura daga masana'anta, wanda tun Windows 8 a cikin allon ake binne lambarsa, da allon yake tafiya, wanda aka saya dabam ne ake iya ƙaura da shi, kuma tun 2016 ana iya ɗaure lasisi da asusun Microsoft, muddin an yi haka kafin a kwance, sa'an nan bayan canji a shaida wa manhajar cewa kaya aka sake. Na biyu ya fi haɗari, shi ne BitLocker, makullin da ke rufe faifai, wanda a laftof da yawa yake kunna kansa ba tare da mai ita ya lura ba. Idan allo ya canja sai ya nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi a asusun Microsoft na mai na'urar yake ajiye, in kuwa babu shi, babu gwanin da zai buɗe faifan nan, kome ƙwarewarsa. A nemo lambar a rubuta ta a takarda tun kafin a taɓa sukurdireba.

To idan fomat ya tabbata, farillarsa ta farko ita ce ajiye kwafi a wani faifai dabam, kuma mai kwamfuta ne zai yi da hannunsa, ya buɗe kwafin ya tabbatar yana karantuwa, domin mai gyara, ko da mai amana ne, bai san inda ka ɓoye kundin digirinka ko lissafin shagonka ba. Hotuna da takardu kowa na tuna su. Abin da ake mantawa shi ne kalmomin sirri da ke ajiye a burauza, da lambobin lasisin manhajojin da aka saya, da kuma, ga marubutan Hausa musamman, tsofaffin haruffa masu lanƙwasa irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, waɗanda idan suka ɓace, duk rubutun da aka yi da su sai ƙ da ɗ da ɓ su koma wasu alamomi marasa ma'ana. A kuma sauke direban waya-fai na sabon allon a ajiye a filas, domin Windows 11 takan nemi intanet tun tana tsakiyar ɗori, kuma ba ƙaramin takaici ba ne a ce intanet ake bukata don sauke abin da zai buɗe intanet.

Shi kansa ɗorin ba shi da wuya. Filas mai gigabait 8 ya isa, a shirya shi da manhajar Microsoft ta kyauta ko da Rufus, daga shafin kamfanin kai tsaye. Fayil ɗin Windows da za a sauke ya haura gigabait 5, saboda haka a nemi inda data ke da sauƙi. Laftof a cika mata batir, kwamfutar tebur kuwa kada a fara sai da janareta ko inbata a kusa, tun da ba a ba da sanarwa kafin a ɗauke wuta. Idan akwai faifai fiye da ɗaya a cikin na'urar, a zare sauran a bar wanda za a ɗora wa kaɗai, domin a shafin zaɓar faifai ne mafi yawan asara ke aukuwa, kuma Windows takan ajiye fayilolin tashinta a faifan da ba a nufa ba, har ranar da aka cire shi kwamfuta ta ƙi tashi. Wasu laftof masu furosesan Intel na ƙarni na 11 zuwa sama sukan nuna babu faifai sam. Ba lalacewa ba ce, direban Intel RST ake bukata a ɗora daga filas. Bayan an gama a bar Windows ta sauke gyare-gyarenta tukuna, abin da ya rage a nemo shi a shafin wanda ya ƙera na'urar, a guji tarkacen direbobin da ake yawo da su a filas daga shago zuwa shago. Tsohon faifan kuwa kada a yarda a bar shi a shago a matsayin ragin kuɗi; a saya masa ɗan gida mai wayar USB, a ajiye shi yadda yake na wata ɗaya ko biyu, sai an tabbatar babu abin da ake nema a ciki sa'an nan a shafe shi.